Wa Ya Faɗa, Kuma A Ina Ya Rubuta? Jagora Ga Mai Son Shigar Da Labarin Ƙonni Da Adar Cikin Wikipedia

Da wuya a sami mai riƙe da wayar zamani a yau, ko a kasuwar Birnin Ƙonni yake ko a tashar motar Badagishiri, wanda bai taɓa karanta wani abu daga Wikipedia ba, ko da kuwa bai san sunanta ba, domin sau da yawa idan mutum ya tambayi intanet labarin wani gari, ko wani shugaba, ko wata cuta, amsar da ke fara zuwa masa daga can aka ɗebo ta. Wannan babban kundin ilmi, wanda Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe a Amurka ranar 15 ga watan Janairu na 2001, ake kuma rubuta shi yanzu cikin harsuna fiye da 300, har da namu na Hausa, ya saɓa wa kundayen da suka gabace shi ta fuska guda, ita ce ba a naɗa wata majalisar shaihunnai aka ce su kaɗai ke da izinin rubutu ba. Ƙofa a buɗe take ga malamin makaranta da ɗalibinsa, da ma'aikacin asibiti, da dillalin albasa, muddin dai mutum ya iya karatu da rubutu, yana kuma da kuɗin sayen data.

Sai dai buɗewar ƙofa ba ta kawar da ƙa'ida ba, kuma a nan ne sababbin shiga suke tuntuɓe. Ga yadda abin yakan kasance. Saurayi mai kishin garinsu, a ce daga Illela ko Tsarnawa, zai zauna ya rubuta tarihin malaminsa, dattijon da ya shekara arba'in yana karantar da Risala da Muhtasar a zaurensa har almajiransa suka watsu daga Sakkwato zuwa Agadas, ya jera nasabarsa da malamansa da kyawawan ɗabi'unsa, ya wallafa, ya kwanta yana jin ya sauke wani nauyi; bayan kwana biyu ya dawo sai ya tarar an manna wa rubutun alamar cewa ana buƙatar hujja, ko ma ya nemi shafin ya rasa, an share shi ƙaf. Abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne hassada ce, ko raini ne ga malamai, ko kuwa wani Bature ne can wanda bai san darajar mutane ba. Galibi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba shi ne dalili ba. Wanda ya share shafin bai ce malamin ba mutumin kirki ba ne, bai kuma ƙaryata saurayin ba. Tambaya biyu ya yi wa rubutun, rubutun ya kasa amsawa. Shin wasu da ba su da alaƙa da wannan bawan Allah sun taɓa rubuta labarinsa a inda kowa zai iya zuwa ya duba? Sa'an nan kowace magana da ke cikin shafin, daga wane littafi ko wace jarida aka ɗauko ta?

Tambayar farko ita ce sharaɗin da editoci ke kira shahara ko cancanta, kuma an fi fayyace shi a sashen Ingilishi, inda sassa da dama suka ɗauki samfuri. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne, abu yana cancantar shafi nasa na kansa idan majiyoyi amintattu, waɗanda ba nasa ba ne kuma ba su ci daga hannunsa, sun yi bayani mai zurfi a kansa, ba ambato na wucewa ba. Sashen Faransanci, wanda shi ne da yawa daga ƴan bokon Nijar za su fara dosa, ya ƙara tsanantawa, don yakan nemi aƙalla rubutu biyu da suka keɓanta ga abin, a kafofin da ake karantawa a ƙasa baki ɗaya, a kuma sami tazarar shekara biyu tsakaninsu, don a tabbata ba hayaniyar mako guda ce ta ɗaga sunan ba. Kowane harshe editocinsa ne ke tsara dokokinsa, amma asalin ƙa'idar ɗaya ne ko'ina.

Bari mu gwada ta a kan mutanen yankin nan, don ƙa'ida ba ta fitowa fili sai an aza ta a kan misali. Mahamadou Issoufou, haifaffen Dandaji a gundumar Illela a 1952, injiniyan ma'adinai wanda ya riƙe firaminista, ya shugabanci majalisar dokoki, sa'an nan ya shugabanci ƙasa daga 2011 zuwa 2021, babu wanda zai tsaya jayayya a kansa. Hasali ma duk wanda ya taɓa zama minista ko ɗan majalisar dokokin ƙasa ana ɗaukarsa a kan ya cancanta, domin a al'ada ba a rasa rubutu a kan masu irin wannan muƙami. Amma misalin da ya fi koyar da mu shi ne na Hadizatu Mani, mace daga ƙasar Ƙonni wadda ba ta da sarauta, ba dukiya, ba digiri, wadda aka sayar da ita baiwa a 1996 tana da shekara 12, ta yi ta fafitikar neman haƙƙinta a kotunan Ƙonni da taimakon ƙungiyar Timidria, har magana ta kai gaban kotun ECOWAS, wadda ta yanke hukunci a Yamai ranar 27 ga Oktoba, 2008, cewa gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar miliyan 10 na kuɗin sefa. Jaridun duniya sun rubuta, masana shari'a sun yi sharhi a mujallunsu, Amurka ta karrama ta a 2009. Saboda haka tana da shafi. A gefe guda kuma akwai alhajin da ya gina masallatai, ya kai mutane Makka, ba a yin taron ɗaurin aure a garin sai da shi, wanda kowa ya sani daga Ƙonni har Dogarawa, amma in ka nemi abin da aka rubuta a kansa ba za ka samu ba sai sanarwar godiya da shi da kansa ya biya aka karanta a rediyo. Shi ba shi da shafi, kuma wannan bai rage masa komai ba wurin Allah ko wurin mutane. Haka abin yake ga ƴan kokawa: wanda ya ci takobi a gasar ƙasa, wadda ake yi tun 1975, jaridu sun riga sun yi masa shaida, amma gwarzon da ya gagari ƙauyuka goma bayan girbi, sunansa a bakin makaɗa yake.

Garuruwa sun fi mutane sauƙi, kuma da za a ji shawarata da daga nan kowane sabon shiga zai fara. Duk garin da mutane ke zaune a cikinsa kuma hukuma ta san da shi, ana ɗaukarsa ya cancanci shafi, kuma ƙidayar jama'a ta 2012 da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta wallafa hujja ce a kan samuwarsa da yawan mutanensa. Malbaza, wadda a da take ƙarƙashin Ƙonni sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta, tana da masana'antar siminti tun shekarun 1960, tana da tashar lantarki mai aiki da hasken rana mai ƙarfin megawat 7 da aka buɗe a 2018. Galmi tana da asibitin mishan tun 1950, tana da jar albasarta da aka san irinta a duk Afirka ta Yamma, masana aikin gona sun yi rubuce-rubuce a kanta. Ƙonni tana da babban filin noman rani da madatsun Mozage da Zango suke shayarwa daga kwarin Maggiya. Duk waɗannan an rubuta su, sai dai a nemo. Abin kiyayewa guda shi ne Illela biyu ce, ta Adar a jihar Tawa, da ta bakin iyaka a jihar Sakkwato wadda ke fuskantar Ƙonni, kuma mai gaggawa yana iya ɗauko kasuwar wannan ya jingina wa waccan.

Yanzu mu koma kan sharaɗin nan na cewa majiya kada ta zama ta mai abin, domin shi ne ya fi yi wa mutane ciwo, alhali kuwa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu. A mazhabarmu ta Malikiyya alƙali ba ya karɓar shaidar ɗa ga ubansa, ko ta uba ga ɗansa, ko ta wanda zai jawo wa kansa amfani da shaidar, ko ta maƙiyi a kan maƙiyinsa, kuma ba don an tabbatar za su yi ƙarya ba ne, sai don tuhuma ta shiga, shari'a kuwa tana rufe ƙofar tuhuma tun kafin a kai ga binciken zuciya. Wikipedia a kan wannan tafarki take. Shafin da kamfani ya buɗe wa kansa, da takardar tarihin rayuwa da ɗan takara ya raba, da hirar da mutum ya zauna yana ba da labarin kansa, da waƙar da makaɗi ya yi wa ubangidansa, duk ana iya ɗaukar ƙananan bayanai daga wasunsu, kamar shekarar da aka kafa kamfani, amma ba su isa su tabbatar da cancanta ba. Saboda wannan dalili ne kuma ba a so mutum ya rubuta shafin kansa, ko na mahaifinsa, ko na wurin aikinsa. Wanda kuwa aka biya shi kuɗi don ya rubuta, tun 2014 dokar gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, ta wajabta masa ya bayyana wanda ya biya shi.

Tambaya ta biyu, wato ta hujja, ita ce zuciyar al'amarin, kuma ina ganin babu al'ummar da ta fi cancanta ta fahimce ta da sauri kamar wadda ta gaji ilmin hadisi. Malaman hadisi, irin su Bukhari da Muslim a ƙarni na uku bayan Hijira, ba su kasance suna karɓar magana don ta yi daɗin ji ba, ko don mai faɗinta yana da rawani. Sukan raba ta biyu, matani da isnadi, su bi isnadin mutum bayan mutum, suna tambaya ko wannan adali ne, ko yana da kiyayewa, ko ya riski wanda ya ce ya ji daga gare shi, har suka gina fanni sukutum na jarhi da ta'adili, suka rarrabe sahihi da hasan da la'ifi da maudu'i. Sun san cewa mutum yana iya zama salihi mai tsoron Allah amma ruwayarsa ta yi rauni saboda mantuwa, kuma ba su ɗauki faɗin haka cin mutunci ba. Wannan tarbiyya ta zauna a ƙasar nan tun da daɗewa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda kakanninsa suka zauna a Ƙonni, aka kuma haife shi a Maratta a 1754, ya tashi cikin gidan da ake karɓar ijaza da silsilarta, har ƙanensa Abdullahi ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Lambobin nan ƙanana da kake gani a ƙarshen jimloli a Wikipedia, waɗanda ke kai ka zuwa sashen Manazarta a ƙasan shafi, aikin isnadi suke yi, bambancin kawai shi ne a nan silsilar ba ta ƙarewa ga mutum, sai ga rubutun da aka wallafa, wanda mai karatu a Kano ko a Paris zai iya buɗewa ya gani da idonsa.

Majiya amintacciya kuwa ita ce wadda akwai wani a bayanta da ke tace magana kafin ta fita, wanda kuma za a iya kama shi da laifi in ta zama ƙarya. Littafin masanin tarihi da maɗaba'a sananniya ta buga, da maƙala a mujallar jami'a, da rahoton jarida mai edita kamar Le Sahel ko Aminiya, da labaran kamfanin dillancin labarai na ƙasa, da rahotannin sashen Hausa na BBC ko DW ko Studio Kalangou da aka ajiye a shafukansu da kwanan wata, duk suna shiga. Saƙon WhatsApp da aka yi ta turawa har ba a san mafarinsa ba, da rubutun wani a Facebook, da bidiyon TikTok, ba su shiga, ko da mutum dubu sun yaɗa su, don dubun nan duk daga baki ɗaya suka ji, yawansu bai mai da labarin mutawatiri ba. Harshen majiya ba shi da laifi: littafin Faransanci ko na Larabci hujja ne a shafin Hausa, kuma ba dole sai yana intanet ba, in dai an faɗi sunan marubuci, da sunan littafi, da shekara, da lambar shafi.

Abin da zai ba sabon shiga mamaki shi ne Wikipedia ba ta yarda a kafa hujja da ita kanta ba, kuma tana da dalili. A watan Fabrairu na 2009, lokacin da aka naɗa Karl-Theodor zu Guttenberg ministan tattalin arzikin Jamus, mutumin da ke da jerin sunaye masu tsawo, wani ya shiga shafinsa ya ƙara masa sunan Wilhelm, wanda ba nasa ba ne. Manyan jaridun ƙasar suka kwafa ba bincike, da editoci suka cire sunan sai aka mayar da shi, aka kafa hujja da jaridun nan da suka kwafa daga shafin. Malaman usulu suna kiran irin wannan dauri, kuma ɓatacce ne. Wani sabon bala'i da ya shigo kwanan nan shi ne na manhajojin da ke rubuta wa mutum amsa, waɗanda sukan ƙirƙiro sunan littafi da marubuci da shekara alhali babu su. Wanda bai buɗe littafi da hannunsa ba, kada ya sa sunansa a Manazarta.

Ko a cikin rubutattun majiyoyi ma akwai mataki, kuma tarihin Ƙonni ya ishe mu darasi. Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello, wanda ya kammala a 1812, taska ne ga duk mai son sanin yaƙe-yaƙen farkon jihadin Shehu, da suka haɗa da na Matankari da na Ƙonni a 1804, amma marubucinsa yana cikin yaƙin ne a ɓangare guda, saboda haka edita mai hankali zai ce Bello ya ruwaito kaza, sa'an nan ya nemi abin da masana na baya, irin su Murray Last a littafinsa na 1967 kan Daular Sakkwato, suka fitar bayan sun auna shi da sauran ruwayoyi. Haka nan ta'asar 1899, lokacin da rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan tana ƙone-ƙone, ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu cikin Afrilu, ta afka wa Birnin Ƙonni cikin Mayu ta yi kisan gilla, har ta kai Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya tsayar da shi, ranar 14 ga Yuli a ƙasar Tasawa. Babu mai musun aukuwar wannan musiba, amma marubuta sun saɓa a kan adadin waɗanda aka kashe a Ƙonni, kuma aikin edita shi ne ya kawo kowane adadi tare da sunan wanda ya faɗe shi, daga littattafai irin na Muriel Mathieu na 1995 da na Bertrand Taithe na 2009, ba ya zaɓi mafi girma don zafin zuciya ba, ko mafi ƙanƙanta don kunyar Turawa. Ibn Khaldun tun 1377 ya koka a Muƙaddimarsa da yadda masu tarihi ke haɗiye adadin runduna ba tare da sun auna shi da hankali ba. Littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani na 1980, da fim ɗin da Med Hondo ya yi daga gare shi a 1986, kowannensu ya cancanci shafi nasa, amma ƙagaggen labari ne aka gina a kan tarihi, ba a kafa hujja da shi a kan abin da ya faru a Lugu. Game da kawo maganar abokin hamayya kuwa, wanda Wikipedia ta wajabta, Bello ya riga mu, don a cikin wannan Infaƙul Maisur ɗin ne ya kwafo wasiƙun Shehu Laminu na Barno masu sukar jihadin, sa'an nan ya ba da amsa.

To, a nan ne fa za mu taɓa inda ke da ciwo, kuma ban ga amfanin ɓoye shi ba. Ƙa'idar da ta ce sai abin da aka wallafa, an tsara ta ne a ƙasashen da kowane ƙaramin gari yake da jaridarsa tun fiye da shekara ɗari, inda ɗan ƙwallon da bai taka kara ya karya ba yake da rubutu goma a kansa. In aka kawo ta ƙasar da tarihinta ke cikin ƙirjin dattawa da maroƙa da matan da suka haddace nasabar gidaje, sai ta zama ta ware mafi yawan abin da muka sani. Tsohon da zai lissafa maka sarakunan garinsu ɗaya bayan ɗaya, da yunwar da aka yi a zamanin kowanne, ya fi wani ɗan jaridar da ya kwana ɗaya a garin sani nesa ba kusa ba, amma rubutun ɗan jaridar ne hujja. Su kansu ma'abota kundin sun san da wannan giɓi. A 2011 wani ɗan Indiya, Achal Prabhala, ya yi gwajin ɗaukar muryoyin mutane a Indiya da Afirka ta Kudu don a kafa hujja da su, amma manyan sassan ba su karɓi hanyar ba. Kuma ko a can inda rubutu ya yi yawa ma'aunin yakan yi kuskure, don a 2018 an ƙi karɓar shafin Donna Strickland, malamar kimiyya ƴar Kanada, a kan ba a kawo isassun majiyoyi ba, bayan ƴan watanni ta ci kyautar Nobel.

Duk da haka ni ina tare da ƙa'idar, ko da tana cizo. Kundin da kowa ke iya rubutu a cikinsa, wanda editocinsa ba su san fuskar juna ba, in ya yarda da "kakana ya gaya mini", to ya yarda da kakan kowa ke nan, kuma duk wanda ya san yadda rigimar sarauta ko ta iyakar gona take a ƙasarmu ya san kowane gida da ruwayarsa, kowanne kuma zai rantse tasa ce sahihiya. Mafita ita ce ruwayar baka ta fara bi ta hannun mai tacewa, kuma an riga an nuna mana yadda ake yi. Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa take ɗauke da sunansa yanzu, ya bi garuruwan Adar yana sauraron dattawa, ya gwada maganarsu da rubuce-rubucen Larabci, ya fitar da littafinsa kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa a 1975, a jerin littattafan cibiyar binciken IRSH ta Yamai. A wannan shekara kuma Nicole Echard ta fitar da nata kan tarihin manoman Hausa na Adar. Albarkacin irin wannan aiki ne yau mai rubuta shafin Illela zai iya kawo labarin zuriyar Agabba ɗan Sarkin Agadas da sarautar Sarkin Adar, ya sa lambar shafi, ba wanda zai share. A Yamai kuma akwai cibiyar CELHTO, wadda tun 1968 aikinta ke nan, tattara tarihin baka. Saboda haka saurayin da aka share masa shafin malaminsa, hanyarsa ita ce ya kai labarin ga ɗan jarida, ko ga malamin tarihi a jami'ar Tawa ko ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, a bincika, a buga. Hanya ce mai tsawo, amma abin da ya bi ta ya zama na kowa, har da waɗanda ba su taɓa buɗe Wikipedia ba.

Akwai wurin da tsanani ya ninka, shi ne labarin mutumin da yake raye. A 2005 wani ya rubuta a shafin John Seigenthaler, tsohon ɗan jarida a Amurka, cewa an taɓa zarginsa da hannu a kisan Kennedy, ƙarya tsagwaronta, ta kuma zauna a shafin wata huɗu kafin a gano. Bayan wannan ne aka tsaurara doka, ta yadda duk wata magana mai zubar da mutuncin rayayye, in ba ta da majiya ƙwaƙƙwara, ana cire ta nan take ba tare da jiran shawara ba. Wanda ya san hukuncin ƙazafi da giba ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Lokacin zaɓe ne wannan fitina ta fi tashi.

Ga wanda ya yi niyyar farawa, abin da ya fi shi ne kada ya fara da sabon shafi. Ya buɗe asusu, ya nemi shafin garinsu ko na gundumarsu wanda wani ya riga ya fara, ya gyara kuskuren rubutu, ya ƙara jimla ɗaya da majiyarta, ya ga yadda na gaba da shi suke yi. In ya tashi yin sabo, ya tara majiyoyinsa tukuna, uku masu ƙarfi sun fi ashirin masu rauni, ya karanta su, ya rufe, ya rubuta da kalmominsa, domin kwafe rubutun wani kalma da kalma haramun ne a kundin saboda haƙƙin mallaka. Akwai kuma shafin gwaji da kowane mai asusu yake da shi, inda zai yi ta gyara ba mai damunsa. Ya bar kirari a waje: "shahararren malami, gagarabadau, wanda ba a taɓa yin irinsa ba" ba bayani ba ne, a faɗi littattafan da ya rubuta da shekarun da ya karantar, mai karatu ya yi hukunci. Wajen neman majiya ya tuna Faransawa sun rubuta sunayen garuruwanmu yadda kunnensu ya ji, saboda haka ya gwada Birni N'Konni, da Konni, da Kwanni, ya gwada Ader da Adar, Doguéraoua da Dogarawa. In ya fassaro shafi daga Faransanci ko Ingilishi, ya taho da majiyoyinsa, kuma kada ya zuba fassarar inji yadda ta fito, don irin wannan Hausa ba ta karantuwa. In kuma aka yi masa gyara ko aka sa alamar sharewa, kowane shafi yana da zauren tattaunawa a bayansa, ya je can ya kawo hujjarsa cikin ladabi, kada ya shiga mayar da abin da aka cire sau bayan sau, don wannan yakan jawo a rufe asusun mutum.

Wuri ɗaya ne idon mutum yake zama hujja da kansa, shi ne hoto. Ma'ajiyar hotuna ta Wikimedia Commons, inda sassan Wikipedia suke ɗauko hotuna, tana karɓar hoton da mutum ya ɗauka da wayarsa, in ya yarda kowa ya yi amfani da shi, kuma tun 2014 ake yin gasar shekara-shekara ta hotunan Afirka mai suna Wiki Loves Africa. Rumbunan ƙasa na ƙauyukan Ƙonni, da rudun ajiyar albasa a Galmi, da magudanan ruwan filin noman rani, da ranar kasuwar Badagishiri, duk abubuwa ne da mazaunin wurin zai ɗauka cikin sauƙi, wanda ke nesa kuwa ba shi da hali. Sharaɗin shi ne hoton ya zama naka ne ka ɗauka, ba wanda ka samu a Facebook ba, ka rubuta sunan wurin da ranar ɗauka, ka nemi izinin mutum kafin ka ɗauki fuskarsa, ka kuma nisanci barikin soja da shingen jami'an tsaro.